Babi na Shida: Baƙin Hunturu da Dajin da Suka Baro

Shamuwa kowa ya san ta. Da ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida sai manomi ya fara neman inda ya rataye fartanya, da ta ɗauke ƙafa kuwa an san damina ta zo gangara. Amma shamuwa 'yar gida ce, duk yawonta a cikin Afirka take yin sa. Akwai waɗansu baƙin da suke sauka bayan ta tafi, daga Satumba zuwa Nuwamba, ba sa hawa bishiyar kowa, ba a yi musu kirari, yawancinsu ma ba mu raɗa musu suna ba. Su ne suka fi kowa nisan gida a duk faɗin ƙasar Haɗeja.

Wata safiya cikin Disamba na shiga kwalekwalen wani tsohon masunci a yankin Baturiya. Hazo ya rufe ko'ina, sanyi har cikin ƙashi, ruwa ya ja baya ya bar taɓo mai sheƙi a gefen gonakin shinkafar da aka riga aka yanke. Kirinjijiya na ta fito a samanmu, wannan na sani. Sai ga wani garken tsuntsaye masu launin ƙasa, masu dogayen ƙafafu, sun taso gaba ɗaya, suka juya kamar an kaɗa zane, cikinsu ya yi fari fat, suka sake sauka kan taɓon.

Na ce, "Baba, waɗancan fa?"

Ya ce, "Baƙi ne, ɗana. Tun ina yaro nake cikin ruwan nan, ban taɓa ganin ƙwansu ba, ban taɓa ganin ɗansu ba. Da manyansu suke zuwa, da manyansu suke komawa."

Ya laluba aljihun gaba ya ciro makullin ɗakinsa. Jikin igiyar akwai wani ɗan zoben ƙarfe, bai kai na yatsan jariri ba. Ya ce a ƙafar wani tsuntsu ya cire shi, wanda ya faɗa wa kallinsa shekarun baya. Rubutun ya soma gogewa, amma da na karkata shi ga haske sai na karanta lambobi, da kalma ɗaya: Helsinki, babban birnin Finlan. Wani mutum ne a can ya kama tsuntsun nan, ya sa masa zoben, ya rubuta lambar a littafi, yana fatan wata rana a gaya masa inda ya ƙare. Ga inda ya ƙare, a jikin makullin wani dattijo na ƙaramar hukumar Kirikasamma.

Ƙwan da Baba bai taɓa gani ba yana can a wani daji da Rashawa ke kira taiga. Ɗauki taswirar duniya ka dubi samanta. Daga Nowe da Suwidin da Finlan, ka ratsa Rasha tun daga yamma har ƙarshen Saberiya, ka tsallaka teku zuwa Alaska, ka bi Kanada har bakin Atlantika, duk daji ɗaya ne ya naɗe kan duniya kamar rawani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan duniya yana nan. Sai dai duk girmansa ba shi da yawan iri. A tafiyar rabin sa'a daga Haɗeja zuwa Kafin Hausa za ka ƙirga kuka, tsamiya, kanya, gawo, aduwa, gabaruwa, goriba, giginya, kurna, ka gaji da ƙirga. A can kuwa jirgin ƙasa zai kwana ya wuni yana gudu, itatuwan da fasinja zai gani ba su wuce dangi biyar ko shida ba, yawancinsu masu ganye siriri kamar allura, masu tsini a sama da faɗi a ƙasa kamar malfa. Wanda ya taɓa zuwa Jos, ko ya bi ta dajin Afaka kusa da Kaduna, ya ga 'yan'uwansu na ƙasashen zafi da aka dasa saboda katako.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara karatu a kan dajin nan shi ne lissafin ruwan samansa. Haɗeja tana samun abin da ya kai milimita 600 a shekarar da ta yi daidai, Nguru ƙasa da haka. Birnin Yakutsk, a tsakiyar dajin Saberiya, ba ya samun ko milimita 300, har da dusar ƙanƙara in an narkar da ita an auna. Wato rabin namu bai cika ba. Da a nan ne aka yi irin wannan damina, da an fita roƙon ruwa. Amma ga shi can daji ne rufe ruf, da tabkuna barkatai, mu kuwa da ka bar bakin kogi sai jigawa da ƙaya.

Ashe ba abin da sama ta zubo kaɗai ake dubawa ba, har da abin da rana ta karɓe. Ranarmu tana iya tsotse fiye da milimita 2,000 a shekara daga buɗaɗɗen ruwa, ninki uku na abin da damina ta kawo. Shi ya sa kududdufi ke ƙafewa da wuri, in ma ya kai wata uku ya yi ƙoƙari. A taiga rana a karkace take duk shekara, ba ta taɓa tsayawa tsakar ka, ba ta da ƙarfin ɗaukar komai. Sannan a gabashin Saberiya ƙasar kanta daskararriya ce. Ka haƙa mita ɗaya ko biyu cikin tsananin zafinsu, sai ka tarar da ƙanƙarar da ba ta narke ba shekaru dubbai, a wasu wuraren kaurinta ya kai ɗaruruwan mitoci. Ruwan da ya sauka ba ya hawa sama, ba ya nutsewa ƙasa, sai ya kwanta. A yammacin Saberiya, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, akwai wata fadama guda da ake kira Basyugan, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 53,000. Jihar Jigawa sau biyu ke nan har da ɗoriya.

Sanyin wurin kuwa sai dai a faɗa da lamba, don baki ba zai iya ba. Mu a daren hunturu in ma'auni ya sauko digiri 12 ko 13, kowa ya shige bargo, tsofaffi su kwana gaban wuta. A Yakutsk matsakaicin sanyin Janairu yana wajen digiri 38 ƙasa da sifili. A ƙauyen Oimyakon, cikin Fabrairun 1933, an auna 67.7 ƙasa da sifili. Masu sayar da kifi a kasuwar hunturu ta Yakutsk a tsaye suke jera shi cikin kwando kamar itacen girki. Na tuna da masu banda na Haɗeja da wahalar da suke sha da hayaƙi don kada tarwaɗa ta lalace kafin ta kai Kano, na ce kowa da irin rabon da aka yanka masa.

Ga itace, irin wannan hunturu fari ne. Ruwa yana nan kewaye da shi, amma ya zama dutse, saiwa ba ta iya sha, wata shida, bakwai, wani wurin takwas. Don haka dabarar da itatuwan can suka ɗauka ita ce ta itatuwan jigawa: ƙanƙanta ganye, a shafe shi da wani abu kamar kakin zuma, kada ɗigo ɗaya ya fita a banza. Dubi ganyen gabaruwa ka dubi ganyen gwanda, za ka gane wanda aka yi don ƙishirwa. Yawancinsu ba sa zubar da ganyen, domin lokacin tsiro gajere ne, wata uku zuwa huɗu, wanda ya tsaya ɗinka sabuwar riga sai ya tarar an tashi daga biki. Siffar malfar nan kuma tana sa dusar ƙanƙara ta zame ƙasa maimakon ta taru ta karya reshe. Akwai dai guda ɗaya mai taurin kai, sunansa lac, wanda ya mamaye gabashin Saberiya inda sanyi ya fi tsanani. Shi kam kowace kaka sai ya yi rawaya ya karkaɗe allurarsa duka ya tsaya tsirara. Kowane daji da gawonsa. Namu ma ai da damina yake tuɓewa, lokacin da kowa ke sa kore.

Babu gara a taiga. Wannan ƙaramar magana ce mai babban sakamako. Reshen da ya faɗi a gonarka, kafin shekara ta zagayo gara ta mai da shi ƙasa. A can kututture sai ya yi shekaru da dama kwance, gansakuka ta lulluɓe shi, yana ruɓewa a hankali kamar ba ya so. Cikin fadamunsu ganye da gansakuka suna taruwa a jiƙe, sanyi da tsamin ruwa sun hana su ruɓewa sosai, har su yi kaurin mitoci. Duk wannan tarin kabon ne da tsirrai suka zuƙo daga iska suka binne, kuma mafi yawan abin da dajin ya adana yana ƙarƙashin ƙasa, ba a jikin itatuwa ba.

To me zai kai tsuntsu irin wannan wuri? Wata uku na shekara ne. Cikin Mayu ƙanƙara ta narke. Manyan kogunan Saberiya, Ob da Yenisei da Lena, arewa suka nufa, saboda haka samansu ke fara narkewa alhali bakinsu na nan a toshe, sai ruwa ya rasa hanya ya fantsama cikin daji. A Mayun 2001 irin wannan toshewa ta sa Lena ya shanye garin Lensk. Mutumin Auyo ko Guri ba ya bukatar a fassara masa wannan. Bayan ruwan sai hasken da ba ya ƙarewa: a Yuni dare ba ya wuce 'yan sa'o'i, can arewa sosai ma rana ba ta faɗuwa. Tun a shekarar 922 Ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza zuwa ga Bulgarawan kogin Bolga, ya ba da labarin gajartar darensu da yadda magariba da asuba ke neman haɗewa, ga shi bai ma kai tsakiyar dajin ba. Ruwa kwance, rana ba ta faɗuwa, sai sauro da ƙwari su ƙyanƙyashe kamar hayaƙi. Mutanen can kuka suke yi da su. Ga tsuntsu mai 'ya'ya huɗu kuwa, rumbu ne aka buɗe, ga kuma sa'o'i ashirin na haske da za a yi kiwo a cikinsu.

Waɗanda muka gani a taɓon Baturiya su ne Turawan Ingila ke kira raf. A wurinmu ba su da wani ado, ba su da murya. Da za ka ga namijin a fadamun arewa cikin Mayu da ba ka shaida shi ba: gashi ya fito masa a wuya ya yi tozo, wani fari, wani baƙi, wani ja, kowa da kalarsa kamar mahaya a hawan sallah, su taru a dandali ɗaya suna tsalle da kokawa, mata na zagayawa suna zaɓe. A can ƙwari yake ci. A nan kuwa har da shinkafar da ta zube bayan girbi, da ita yake tara kitsen da zai tsallake Sahara a Maris. Akwai wani ɗan'uwansa ƙarami mai duhun baya da farin gindi, wanda za ka tarar shi kaɗai a bakin lambatu, in ka matso ya tashi da ƙara. Duk da tsuntsun taɓo ne, a can kan itace yake ƙwai, cikin tsohuwar sheƙar wani tsuntsu, 'ya'yan su diro ƙasa tun ba su yi fiffike ba. Ga agwagwa mai tsinin wutsiya. Ga wani ɗan mitsitsi mai ruwan ganye, nauyinsa kamar na kwalin ashana, wanda ke tsince ƙwari a rassan gabaruwa, shi ma daga dazuzzukan arewa yake. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 370 a fadamar Haɗeja da Nguru, da 'yan gida da baƙi.

Abin da ya sa suke zaɓen nan, lokaci ne. Daidai sa'ad da sanyi ya rufe musu ƙofa a can, tamu ke buɗewa. Kogin Kano da na Challawa sun haɗu sun zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil da Ringim, da ya iso nan sai ya tarar da tsofaffin tuddan yashi jere, ya rarrabu a tsakaninsu: ga kogin Kafin Hausa, ga tsohon kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga Marma da ta nufi tabkin Nguru. Daga kudu Jama'are na tahowa, su haɗu wajen Gashuwa su zama Yobe. Ruwa yakan cika a Agusta da Satumba, sa'an nan ya soma ja, kowane mako ya bar sabon taɓo. Ga tsuntsun da ya kwana biyu yana tsallaka hamada, wannan yana cikin koren farko da idonsa zai gani.

Kuma ba shi kaɗai ke bin ruwan ba. Kifi ya hau da cikowa ya yi ƙwai cikin ciyawa. Manomi ya shuka shinkafa, in ruwa ya ja ya bi danshi da wake da kuɓewa, ya kafa lambun tattasai da albasa. Bafulatani ya sauko da shanu su ci burgu. Giyayya da gabaruwa su tsaya cikin ruwa wata biyu ba abin da ya same su, goriba ta ba da kaba. Gaiwa kuwa ta shige laka ta naɗe kanta ta yi barci har wata damina, kamar yadda dabbar beyar ke shige rami a taiga ta kwana hunturu. Gona ɗaya, masu ita huɗu, kowa da watansa. Duk wannan ya rataya ne a kan abu biyu: ruwa ya zo da yawa, kuma ya tafi.

Mun taɓa duka biyun. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta sa a gaba, ta Challawa kuma a 1992. Ba na cikin masu cewa ba su da amfani, Kano ta sha, Kura da Kadawa sun noma tumatir da shinkafa. Amma malalar da ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 ba ta kai 500 ba a 1993, fari da madatsu sun haɗu a kanta. Na biyun ya fi wannan ɓarna a ɓoye. Saboda ana sakin ruwa da rani, kogin da a da yakan bushe har yara su yi ƙwallo a yashinsa ya daina bushewa. Ruwa ba ya tsami banza: kacala ciyawa ce da ba ta jure ƙafewa, da ta samu ƙafarta a jiƙe shekara cur sai ta yi gida. Ta tare laka, ta toshe hanyoyi, har ruwa ya karkata ya riƙa yin yawa a Marma, wasu garuruwan na nutsewa wasu na jiran ɗigo. Ta cinye gonaki da wuraren su. Ta zama masaukin jan baki, tsuntsun da ke tashi manomi tun asuba da gwangwani a hannu. Baƙin arewa kuwa ba su da abin yi da ita, su taɓo buɗaɗɗe suke nema.

Mutanen waje sun daɗe da gane cewa tsuntsayensu a hannunmu suke rabin shekara. Bayan farin da ya soma a Sahel a 1968, masu ƙirga a Ingila sun wayi gari a 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi, sai daga baya suka gano a nan ne abin ya same shi. Irin wannan damuwa ta haifar da shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, ita ta kawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Dagona da ke cikin fadamar a 1989. Tabkin Nguru da Marma sun shiga jerin Ramsar na fadamun duniya a 2000, Baturiya a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga ta zuwa gandun ƙasa. Takardu dai sun cika. A ganina kuskuren da aka yi tun farko shi ne barin talaka ya ɗauka tsuntsu ake so ba shi ba, alhali ruwan da raf ke nema shi ne ruwan da masunci da makiyayi da mai shinkafa ke nema, a wata ɗaya, a wuri ɗaya.

Can gidan nasu ma ba lafiya ba. Arewacin duniya yana ɗumama fiye da sauran wurare. A ranar 20 ga Yunin 2020 garin Berkoyansk, wanda ya yi suna da sanyi, ya auna digiri 38 na zafi, kamar Haɗeja a Maris. Wuta ba baƙuwa ba ce a taiga. Akwai wani itace a Kanada da ƙaro ke liƙe kwanson irinsa shekaru, ba ya buɗewa sai gobara ta narkar da ƙaron, irin ya zuba kan toka. Amma wutar da aka saba gani sau ɗaya a rayuwar itace ta soma dawowa da wuri: a 2023 kaɗai Kanada ta yi asarar kimanin hekta miliyan 15. Inda daskararriyar ƙasa ke narkewa itatuwa sun karkace ko'ina kamar haƙoran tsoho, kabon da aka binne yana komawa iska, iskar kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba.

Wancan ya fi ƙarfin mutumin Haɗeja. Namu bai fi ƙarfinmu ba, domin ƙofofin Tiga da Challawa hannu ke murɗa su. Masana sun daɗe suna faɗin abin da za a yi: a saki ruwa mai yawa da damina a lokacin da kogi ya saba cika, da sanarwa tun da wuri, a rage shi da rani har hanyoyin su samu su bushe, a ci gaba da yashe waɗanda kacala ta toshe. Ina roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, da masarautun da kogin ya ratsa, su zauna su tsayar da wannan jadawali su kuma riƙe shi. Kai kuma mai karatu, in zoben ƙafar tsuntsu ya faɗo hannunka, kada ka jefar. Rubuta lambar da ranar da sunan garin, ka kai wa ma'aikatan gandun Baturiya su aika wa masu shi.